Iskar da Ta Tsallako Bango

Tela ta durƙusa, ta kamo kunnen buhun waken da hannu biyu, ta fizgo shi daga ƙarƙashin gado. Gindinsa ya sha danshin siminti har ya yi baƙi, ya bar sawu a ƙasa tun daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa. Ba ta tsaya neman bakin zaren ba. Almakashinta na aiki ta zaro daga jaka, ta farke cikin buhun daga sama har ƙasa, wake ya malale a tsakar gida.

"Subhanallahi! Maman Balbela, lafiya?" Goggo ce, tsohuwar da ke haya a ɗakin da ke kallon nasu. Ta saki tsintsiya ta taho tana jan ƙafarta mai ciwo. "Yaya jikin yarinyar? Ke da na sani kina asibiti?"

"Jiki yana nan yadda kika gan shi da asuba. Abin da mutumin nan ya cusa min a cikin abinci nake nema."

"Wane mutum?"

"Mutum nawa gare ni, Goggo?"

Ta zuba hannuwanta cikin waken har gwiwar hannu, tana tonawa tana watsarwa.

Da asuba ne 'yarta tilo, wadda kowa ke kira Balbela saboda dogon wuya da sirantaka, ta farka tana amai. Shekararta biyar. Ta ce ƙirjinta ya matse, ta ce ɗakin yana juyawa, kafin gari ya gama wayewa leɓɓanta sun canza launi. Su ma iyayen kansu yana sarawa, amma wa ya bi ta kai? Direba, mijin Tela, ya saɓa yarinyar a kafaɗa suka yi titi. A asibiti likita ta duba idonta, ta saurari ƙirjinta, ta shinshina rigarta, sannan ta ɗago ta tambaye su ko sun sa wani magani a ɗaki, na ɓera ko na sauro ko na hatsi. Tela ta ce ita dai ba ta sa ba. Ta juya ta dubi mijinta. Ya ce, "Babu," idonsa a kan takalminsa.

Wannan kallon takalmin ne ya hana ta zama. Da ta ga an ɗaura wa yarinyar ƙarin ruwa an sa mata robar iska a hanci, sai ta ce masa ya zauna kada ya motsa, ita za ta je gida ta ɗauko zannuwa. Ba zani ne ya kawo ta ba.

Waken nan yayanta ne ke aiko mata da shi duk kaka, kuma shi ne rufin asirin tukunyarta. Ɗakin nasu kuwa in damina ta kankama bangonsa gumi yake yi. Takalmi ma in aka manta da shi a lungu sai ya yi fumfuna. Ta jera katako ta ɗora buhun, ɓera ya huda shi ta sama. Ta ɗinke wurin, ƙwari suka ɓullo daga ciki. In gida ya yi shiru har ƙarar cinsu ake ji, ƙas-ƙas-ƙas, sai ka ce su suka noma. Ta roƙi Direba ya samo mata duro mai murfi, ko da tsoho ne, ya ce sai wata ya ƙare. Wata ya ƙare, wani ya kama. Sai a makon jiya ya zo mata da dabara. Wai ubangidansa, Mai Sito, babban ɗan kasuwar hatsi wanda kuma shi ne mai gidan da suke haya, yana da wata ƙwaya, in aka ƙulle ta a tsumma aka tura cikin buhu ko jikan ƙwaro ba zai saura ba. Ta ce masa a ɗakin da 'yarta ke numfashi, ko kyauta ba ta so. Ya yi shiru. Ta kuwa san shirunsa. Ba ya musu, sai dai ya jira mutum ya juya baya.

Ta tone waken tas. Babu tsumma, babu ƙwaya. Sai wake mai huji-huji da garin da ƙwari suka niƙa, yana tashi yana shigar mata hanci.

"Maman Balbela, dubi hannunki," in ji Goggo. "In da ya sa musu guba, waɗannan 'yan banzan za su riƙa hawa jikinki haka kamar masu sammakon kasuwa?"

Tela ta dubi hannunta. Ƙwarin suna ta kai da kawo, garau da su. Ta karkaɗe su, ta miƙe ta koma ɗaki, zuciyarta na tafasa ta rasa wanda za ta juye wa.

Ta sunkuya za ta naɗe 'yar katifar Balbela, wadda ke shimfiɗe a ƙasa a gindin bango. A nan ta ga kyankyasai sun yi rigingine, ƙafafu a sama, an jera su kamar da gangan. Can a lungu ga ɓera kwance a fili, baki a buɗe. Sai yanzu da ta shigo daga iskar waje ta ji warin sosai, wani wari tsakanin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Ta bi bangon da ido daga ƙasa zuwa sama. Gidan ba shi da silin, bangon kuma bai kai kwano ba. Tsakaninsa da rufi akwai sarari da mutum zai iya zura kai. Ta wannan sararin suke jin rediyon malamin da ya zauna a ɗakin da ke jikin nasu, kafin Mai Sito ya tashe shi ya ce zai yi ajiya.

Ta toshe hanci da mayafi ta fito da gudu. Ƙofar ɗakin ajiyar tana kulle da sabon kwado. An cusa tsummokara a ƙasanta, an bi gefe-gefenta da leda da salatif, tagar ma an liƙe ta ruf. Wanda ya yi aikin ya yi shi da kyau. Hanya ɗaya ya bar wa gubar, ita ce wadda ke saukowa a kan katifar 'yarta.

"Goggo, kada ki bar kowa ya raɓi wajen nan. Ki faɗa wa masu yara su ɗebe su."

Ta danna waya ta kira mijinta. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Baban Balbela, maza ka nemi likita. Ka ce mata maganin hatsi ne, irin na ƙwayar nan. Mai Sito ne ya turara ɗakin da ke jikin namu, ta saman bango ya shigo. Kana ji na?"

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

"To tashi mana! Kuma..." Ba ta saba ba da haƙuri ba, amma ba ta saba zalunci ba. "Na zarge ka. Na ɗauka kai ka sa a buhuna. Ka yafe ni."

Ta ji ya ja numfashi kamar zai yi magana, sai wayar ta mutu.

Goggo ta riga ta ɗauko tabarma da faranti. "Ke dai tafi. Zan tsince waken nan in shanya shi kafin hadari ya taso. Akwai jarkokin mai da na wanke tun bara, sun bushe ƙarau. In na cika su taf na sa leda na murɗa murfi, ƙwarin su ci iska in sun samu. Abin da na daɗe ina faɗa miki ke nan, kika nace sai duro, kamar matar gwamna."

A wata ranar da Tela ta rama. Yau ko juyowa ba ta yi ba.

Kasuwar hatsi a kan hanyar asibiti take, amma ko da a bayan duniya take da sai ta je. Ta sauka daga bas ta ratsa layin masu awo, taɓo yana kama mata takalmi, masu dako suna ihun a ba su hanya. Shagon Mai Sito shi ne babba a layin. Buhuna a jere a kan katako har sama, ga silin fari fes, ga fanka tana juyawa. Ko ɗigon danshi babu a bangon. Shi kuma yana kan benci a ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana ciniki da wasu mata biyu.

"A'a, matar Direba! Yau mijinki ya shanya ni, kaya na jiran mota tun safe. Wai yarinya ce ba lafiya? Allah ya sawwaƙe. Zazzaɓin damina ne, yana yawo."

"Zazzaɓin da ka kulle a ɗaki ka sa wa kwado?"

Murmushinsa ya tsaya a rabi. Matan biyu suka dubi juna.

"Me ka zuba a ɗakin da ke jikin namu?"

"Yi a hankali, baiwar Allah. Nan wurin sana'a ne. Shigo ciki mu yi magana."

"Ba na shiga. A nan zan tsaya, inda iska ke kaɗawa. Me ka zuba?"

Ya sauke ƙafarsa. "Maganin ƙwari ne, wanda kowa ke sawa. Bi layin nan kaf ki tambaya, in kin sami wanda ba ya sawa ki dawo ki tsinka min mari. Damina ce. In na bar hatsin nan haka, kafin rani ƙwari sun mai da shi gari, ragowar ya yi fumfuna. Sai ku ɗin nan ku zo kuna cewa abinci ya yi tsada."

"Ba ka da buhun nan mai leda a ciki? Ba ka da duro?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Duro! Kin ga yawan kayan kuwa? In saya wa kowane buhu riga da wando, a nawa zan sayar miki da kwano? Ke ce ta farko da za ki tsallake ni ki tafi wurin mai araha."

Abin haushin shi ne ta san akwai gaskiya a maganarsa. Ita ma mai araha take bi. Wannan ya ƙara hura mata wuta.

"To ka sa a nan mana! Ga shago mai silin, ga ƙofar ƙarfe, ba mai kwana a ciki. Ko ka kai gidanka, ka jera su a jikin ɗakin 'ya'yanka. Buhu ka sama wa ɗaki mai fanka, mu da muke biyan ka haya ka bar mu da bangon da bai kai rufi ba. Sau nawa aka ce ka ƙarasa ginin nan? 'Yata tana can da roba a hanci, ba ta san wanda ke kanta ba, kai kana nan kana karkaɗa ƙafa!"

Mutane sun fara taruwa. Masu dako suka ajiye kaya suka tsaya. Ɗaya daga cikin matan ta zare hannunta daga cikin waken da take dubawa, ta goge a zani.

Mai Sito ya ga haka, sai ya sauya murya. "Haba, ai ɗiyarki ɗiyata ce. Tsautsayi ne. Duk abin da asibiti suka ce, a faɗa min." Ya juya ya ɗebo wake da kansa, kwano cike har yana zuba, ya miƙo mata. "Riƙe wannan tukuna. Na ji Direba yana cewa naku ya lalace. Duba ki gani, ko ƙwaro ɗaya babu."

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Kwanon ya yi sama, ya faɗo a kan siminti yana ƙara, wake ya tarwatse har cikin kwata.

Fuskarsa ta haɗe. Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe rigarsa a hankali.

"To, tun da abin rashin kunya ne, bari ki ji. Ni ban taka gidan nan ba. Ƙwayar na bayar, na ce a toshe ko'ina, ko hujin allura kada a bari. Ki je ki tambayi wanda ya sauke kayan, ya sa maganin, ya liƙe ƙofar da hannunsa. Ba nisa zai yi miki ba. Gado ɗaya kuke kwana."

Kasuwar ta yi mata shiru, ko da yake bakunan mutane suna motsi. Jiya da yamma ta kai ɗinki unguwa mai nisa, ta tafi da Balbela, ba su dawo ba sai da duhu ya fara. Ta tarar da Direba yana wanke hannu da sabulu, yana ta maimaitawa. Da za su kwanta ya dage sai an bar taga a buɗe, shi da ke ƙorafin sanyi ko a bazara. Har tsokanarsa ta yi, ta ce ko tsufa ne ya zo masa da zafin jiki. Gadonsu yana gindin tagar. Katifar yarinyar tana gindin bango.

Ta juya. Mutane suka dare suka ba ta hanya.

A cikin bas wata mata ta taka mata ƙafa ta ba ta haƙuri, ba ta ji takun ba balle haƙurin. Kalma ɗaya ce ke yi mata amsa-kuwwa a kai, wadda ta faɗa a waya da bakinta. Ka yafe ni. Ita ce ma ta nemi gafara!

Ɗakin yara na asibitin cike yake, gado na gogar gado, iyaye mata a zazzaune a ƙasa da kwanuka da filas. Balbela tana gadon ƙarshe, ta ƙara sirancewa a cikin farin zanin, an maƙala mata wani abu a yatsa mai haɗe da na'ura. Direba yana tsugune a gefe, ya riƙe ƙafarta. Likita na tsaye tana duba ledar ruwan.

"Ke ce kika gano, ko? Kin kyauta," in ji likita. Gajiya ta cika mata ido. "Wannan gubar ba ta da makari. Abin da za mu iya shi ne mu tallafi numfashinta, mu sa ido a kan zuciyarta, jiki ya fitar da ita da kansa. Aman ya tsaya, launinta ya fara dawowa. Ban ce mun tsallake ba, amma na fi samun natsuwa a kan ɗazu. Da tun da safe na san abin da nake yaƙi da shi, da ban ɓata lokaci ina lalube ba." Ta dubi su biyun. "Kuma kada wanda ya sake kwana a ɗakin nan sai an buɗe wancan, an kwashe kayan, iska ta wanke shi sosai. Ku ma ku zo a duba ku."

Da likita ta wuce, Tela ta shafa goshin 'yarta, ta gyara mata zani. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Fito."

Suka tsaya a baranda, kusa da wata taga mai fasasshen gilashi. Ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, amma yau sai ta ga kamar rigar ce kawai a tsaye.

"Daga wurin ubangidanka nake."

Ya runtse ido.

"Ka ji na ce ka yafe ni, ka karɓa ka sa a aljihu."

"Wallahi na buɗe baki zan faɗa miki..."

"Kada ka rantse min. Ka sa ko ba ka sa ba?"

"Na sa. Ya ce in toshe ko'ina. Na yi ƙofa, na yi taga. Da na ɗaga kai na ga saman bangon, babu tsani a gidan, ga duhu ya yi, ga gajiya. Na ce ai abu ne kamar hayaƙi, sama zai yi ya fita ta kwano. Na ce da safe in ari tsani. Shi ya sa na buɗe taga."

"Ka buɗe taga." Ta yi wata dariya da ta sa wata nas ta waiwayo. "Sannu da ƙoƙari. Ka san akwai abin buɗe wa taga, ka kwanta ka yi minshari, ka bar ta a gindin bango. Ba ka iya cewa, Maman Balbela, ɗauko yarinyar nan mu kwana a tsakar gida ba? Ba ka iya buga wa Goggo ƙofa ba?"

"Na san in na faɗa miki za ki tayar da hankali, ki je ki same shi. Aikin nan shi ne..."

"To ga shi hankalina a kwance! Ka gan shi ai!" Ta matso har tana jin hucinsa. "Wannan duk na jiya ne. Kuskure ne, ganganci ne, kira shi abin da ka ga dama. Na yau fa? Likita ta tambaye ka da bakinta. 'Yarka tana kwance a gabanka tana neman iska kamar kifin da aka jefo tudu. Ka ce babu. Wa kake karewa a lokacin? Mai Sito? Makullin mota? Ko ni ce dodon da ya fi mutuwar 'yarka ban tsoro?"

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Da ya yi musu, ko ya ɗaga murya, da ta sami abin dafawa. Wannan tsayuwar tasa ta mutumin da ya saba a yi masa faɗa ya ce to, ita ta fi komai ƙona mata rai. Haka yake tsayawa a gaban Mai Sito in an riƙe masa albashi. Haka ya tsaya ranar da ya je maganar bango, ya dawo yana cewa an ce za a duba.

"Faɗa min abin da zan yi," ya ce.

"Ni ce ma zan faɗa maka? Shekara da shekaru ana faɗa maka abin da za ka yi, ga inda ya kawo mu. Ba ni da abin faɗa. Matsa min."

Ta koma ciki ta zauna a bakin gadon. Da ta ɗaga kai bayan wani lokaci, barandar ba kowa. Ta yi tsaki. Gudun ma ai ya saba.

Rana ta karkata. Aka canza ledar ruwa, aka sake gwada bugun zuciya. Wajen la'asar Balbela ta buɗe ido, ta bi silin da kallo, ta ce tana jin ƙishirwa. Nas ta ce a jiƙa mata leɓe kawai tukuna. Tela ta tsoma auduga a kofi tana ɗiga mata, sai a lokacin nata hawayen suka zo, suna sauka a kan zanin asibiti. Yarinyar ta tambaya ina Baba. Tela ta ce ya fita. Balbela ta koma barci, numfashinta yana tafiya daidai.

Ana gab da rufe shigar masu dubiya sai ga Goggo, da filas a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan gwiwa, tana haki. Ta leƙa fuskar yarinyar, ta yi hamdala, sannan ta zube a ƙasa ta kamo zanin Tela.

"Ke, me kika ba mijinki ya sha?"

"Me ya yi kuma?"

"Ina zaune ina murɗa murfin jarka, sai ga motar Mai Sito har ƙofar gida. Na ce shi ke nan, an zo kwashe buhuna. Ina! Mijinki ne, ya ɗaure hanci da rawani ya faɗa ɗakinku. Gado, katifa, tukwane, akwatin kayanki, har bokitin wanka, duk ya loda, ko sannu bai ce min ba. Na ce Direba, ƙaura za ku yi ba sallama? Ya ce, Goggo, in kina son kallo ki hau. Ni kuwa da ciwon ƙafata na hau."

"Ina ya kai min kaya?"

"Gidan Mai Sito! Gidansa na kwana, mai baranda da tayil ɗin nan. Ya sauke komai a ƙofar falo, ya haɗa gado, ya shimfiɗa zani, ya zauna. Matar gidan tana leƙe ta labule, maƙwabta sun cika titi. Aka kira mai gidan daga kasuwa, ya zo yana kumfar baki. Mijinki ya miƙa masa makullin mota da hannu biyu, da ladabinsa da komai, ya ce, ranka ya daɗe, likita ta hana mu kwana a ɗakinmu, kayanka sun karɓe shi. To mu a nan za mu zauna, har a kwashe su a kai bangon nan sama. Aka yi aka yi, ina gani, bai tashi ba."

Tela ba ta yi dariya ba, ko da yake Goggo tana jira. Ta dubi 'yarta, ta dubi robar da ke hancinta. Abin da ke ƙirjinta bai sauka ba. Ya dai gyara zama.

Wayarta ta yi ƙara. Ta bar ta ta yi ta yi, har matar da ke gadon kusa ta ɗago kai. Sannan ta ɗauka.

"Yaya take?" Bayan muryarsa ana jin hayaniya, da wata murya mai kauri tana zazzaga faɗa.

"Ta farka. Ta sha ruwa kaɗan. Ta tambaye ka."

Ta ji ya saki numfashi mai tsawo. "Ya ce in ban kwashe ba zai kira 'yan sanda. Ya ce aiki kuma in manta da shi."

"Ya kira su. Su ma likita tana da abin da za ta faɗa musu. Kada ka tashi daga nan."

"Ba zan tashi ba. Maman Balbela, kin... kin yafe min?"

"Ban ce ba," in ji ta. "Cewa na yi kada ka tashi."

Ta kashe wayar, ta kife ta a kan gado, ta miƙa wa Goggo hannu ta karɓi filas ɗin.